Yadda ake kai iyali babban gidan wasa mai rufi a Dubai ko Abu Dabi: jagora ga mai tasowa daga Yamai ko Tawa

Mutanenmu da ke zuwa Dubai sarin kaya sun san Deira, sun san Naif, sun san layin masu salula da na masu zinari, sun san inda ake auna kaya a ɗora a kargo. Abin da da yawansu ba su ƙware a kai ba shi ne fitar da iyali yini guda. Shekarun nan kuwa ana ƙara samun mai tafiya da uwargida da yara biyu ko uku, ko mai yada zango na ƴan kwanaki a hanyar dawowa daga Umra. Yaran sun riga sun ga bidiyon wuraren wasan a salula tun daga gida, ba za su bar ka ka sarara ba sai ka kai su.

Babban hutun lakwal a Nijar yana faɗawa tsakanin Yuli da Satumba, daidai lokacin da zafin Daular Larabawa ke kai maƙura. Kada mutumin Adar ya ce ai shi ya san rana. Zafin Tawa busasshe ne, in ka samu inuwar bedi ka sha iska. Na can haɗe yake da laimar teku, ma'auni ya haura 40, gumi ba ya bushewa, inuwa ba ta magani. Shi ya sa suka gina wuraren wasa na gaske, da lilo da jiragen wasa masu gudu a kan dogo da gidajen abinci, duk a ƙarƙashin rufi ɗaya, kilim na busawa daga safe har dare. Irin waɗannan nake nufi. Akwai wasu wuraren, kamar Legoland da Motiongate, da yawancin filinsu a waje yake. Waɗannan sai lokacin sanyi, daga Nuwamba zuwa Maris.

Mataki na farko yana gida: auna tsawon yara

Kafin biza, kafin tikitin jirgi, kafin komai, ka tsayar da kowane yaro jikin bango, ka sa alama, ka ɗauko awon tela ka auna, ka rubuta a takarda. A waɗannan wurare galibi ba a tambayar shekaru a bakin lilo, ba a tambayar aji nawa yaro yake. Tsawo ake dubawa. Kowane lilo yana da allo a ƙofarsa da ma'aikaci tsaye da sandar awo. Ƙananan lilo sukan nemi wajen mita ɗaya, wasu su ce sai da babba a gefe. Manyan, waɗanda yara ke gani a bidiyo suna ihu, galibi tsakanin santimita 120 ne zuwa 140.

Wannan doka ba ta da lallashi. Mun saba a gida in yaro ya yi kuka a ce "haba, ɗan yi masa haƙuri ya shiga." Can ma'aikacin zai yi maka murmushi, ya girgiza kai, ya nuna sandar. Ba taurin kai ba ne: ƙarfen da ke sauka ya danne cinya ko kafaɗa an ƙera shi ne don jiki mai wani girma, wanda bai kai ba yana iya zamewa ta ƙarƙashinsa. Kuma kada a yi dabarar cusa takarda cikin takalmi ko ɗaure wa yarinya gashi sama. Ma'aikatan sun ga duk wannan, kai suke dannawa su auna.

Ga yadda abin yake kasancewa in ba a yi wannan awo ba. Iyali sun biya kuɗin mutum biyar, sun bi layi rabin awa, sun iso gaba. Yayyen biyu sun wuce. Ƙaramin ya tsaya jikin sandar, ya miƙe wuya, ya ɗaga dunduniya, saura yatsa biyu ya kai. "Baba, ai na kai, ka gaya masa na kai." Uban ya juya ya kalli uwar, ita kuma ta ce, "Alhaji, ku je da su, ni na tsaya da shi." Daga nan har la'asar aikinta ke nan, riƙon jakunkuna da rarrashi. Kuɗin tikitinta da na yaron sun tafi a kallon bayan mutane.

In awon yana hannunka, ka shiga shafin intanet na wurin, kowane lilo an rubuta tsawon da yake nema. Ka ƙirga nawa ne mafi ƙanƙantar yaranka zai iya hawa. In ba su kai rabi ba, wurin ba naku ba ne bana.

Haka kuma ka duba ɗaya ƙarshen: wa ya fi kowa shekaru a tafiyar? In da kaka, ko mai ciwon gwiwa, ko mai juna biyu, a sani cewa yinin nan tafiyar ƙasa ce ta kilomita da dama a kan daɓe mai tauri. Ana bayar da hayar keken guragu da keken tura jarirai a kusa da ƙofa. Babu kunya a ciki.

Sannan a zaɓi wuri

Guda huɗu ne manya, ɗaya a Dubai, uku a tsibirin Yas na Abu Dabi.

IMG Worlds of Adventure shi ne na Dubai. An buɗe shi a 2016, girmansa wajen hekta 14, yana bakin babbar hanyar Sheikh Mohammed bin Zayed, kusa da Global Village. An raba shi shiyya-shiyya: ta jaruman Marvel, ta zanen yara na Cartoon Network, da wadda ake kira Lost Valley, mai manyan dabbobin zamanin da na roba da ke motsi suna ruri. A nan ne jirgin Velociraptor yake, wanda ke kai gudun kilomita 100 a awa cikin daƙiƙa biyu da rabi, ya fasa ginin ya fita sahara ya yi ta juyi sannan ya dawo. Akwai kuma gidan ban tsoro da ba a barin wanda bai kai shekara 15 ba ya shiga. Amfanin IMG shi ne kusanci: in masaukinka a Deira yake, ba sai ka bar gari ba. Matsalarsa, a ganina, yana da duhu da ƙara sosai, ya fi dacewa da samari da ƴan mata fiye da ƴan shekara huɗu.

Warner Bros. World, a Yas, an buɗe shi a Yulin 2018, ya ɗan fi IMG girma, da lilo da wasanni 29 a shiyya shida. In da ƙananan yara, nan zan ce a je. Yaron da ya tashi yana kallon Tom da Jerry a talabijin zai gan su suna yawo a ƙafa. Rufin an yi masa fenti da fitilu kamar sararin samaniya, shiyyar yara tana da haske, kuma yawancin wasannin na zama ne cikin ƙaramar mota a bi da kai ta cikin labari, ba na jefa mutum sama ba. Shiyyar Batman ce mai duhu, ana iya kauce mata.

Ferrari World shi ne tsohonsu, tun 2010. Shi ne mai jan rufin nan da ake hangowa daga jirgi. Na masu son gudu ne. Jirginsa Formula Rossa yana kai kilomita 240 a awa cikin ƙasa da daƙiƙa biyar, har sai an ba kowa tabarau na kare ido daga ƙura da ƙwari, don hanyarsa a waje take. Wanda ya zo da yara ƴan ƙasa da mita da ashirin ba zai ci kuɗinsa a nan ba. SeaWorld kuma, na 2023, rabi wasa ne rabi kallon halittun teku. Shi ya fi sauƙi ga dattawa da jarirai.

Wuri ɗaya a yini ɗaya. Ana sayar da tikitin haɗaka na wurare biyu ko uku a Yas, kuma yana da rangwame na gaske, amma amfaninsa ga mai raba su kwana daban-daban ne. Mai cewa zai gama biyu kafin magariba, gudu zai yi ta yi yana jan yara.

Takardu da kuɗi, a gurguje

Ɗan Nijar yana neman biza kafin ya tashi. Ajans ɗin tafiye-tafiye a Yamai ko kamfanin jirgi ko otel su ke nemowa. Sharuɗɗan suna canzawa, don haka kada ka sayi tikitin gidan wasa sai biza ta fito. Fasfo ya kasance da sauran aƙalla wata shida, kowane yaro da nasa. Ka riƙe takardun haihuwa, da katin rigakafin shawara, kuma in uwa ko uba ɗaya ne ke tafiya da yara, a yi takardar izinin ɗayan a buga mata hatimi. Daga filin jirgin Diori Hamani hanyoyin da aka fi bi su ne ta Addis Ababa ko ta Istanbul. Mai tasowa daga Tawa yana da fiye da kilomita 500 a gabansa ta Ƙonni da Dogon Dutsi da Doso, ya sauko Yamai kwana ɗaya ko biyu kafin ranar tashi, yara su huce gajiyar mota.

Magunguna: wannan ba wasa ba ne. Daular Larabawa tana da tsanani kan tramadol da kodin da danginsu. Duk maganin da za ka ɗauka, ya zama cikin kwalinsa, da takardar likita.

Kuɗinsu dirhami ne, an ɗaure shi da dalar Amurka, dirhami 3.67 a kan dala ɗaya. Sefa kuma da yuro aka ɗaure ta, shi ya sa canjin ke motsi. Shekarun nan dirhami ɗaya yana yawo tsakanin sefa 150 da 180. Ba za ka samu mai karɓar sefa cikin sauƙi ba, ka tafi da yuro ko dala ka canza a can. Katin Visa yana aiki ko'ina, amma ka je bankinka kafin tafiya ka tabbatar an buɗe shi don sayayya a waje da ta intanet, ka kuma tambayi iyakar abin da zai iya fitarwa a rana. Tikitin mutum biyar a lokaci guda yana iya wuce iyakar.

Sayen tikiti

Tikitin babba na yini ɗaya ya haura dirhami 300, wato sama da jikka hamsin. Yaron da ya wuce matakin shiga kyauta, kusan kuɗin babba ake biya masa. Jarirai da ƙanana sosai ba sa biya; wani wurin da tsawo yake yankewa, wani da shekaru, ka duba. Iyali mai mutum biyar, tikiti kawai ya kusa jikka ɗari uku. Ka ƙara mota da abinci da abin da yara za su nuna da yatsa, ka ware kamar rabin wannan a kai. Tikitin ya ƙunshi hawa duk lilo sau nawa ka ga dama, ba a biyan kowane ɗaya daban kamar yadda ake yi a wuraren wasan salla a gida.

Saye ta shafin wurin ya fi sauƙin kuɗi fiye da saye a ƙofa, kuma yana raba ka da layi ɗaya. Za a turo maka tikitin da lambar QR. Ka ɗauki hotonta ka ajiye a salula biyu, ka kuma sa otel su buga maka a takarda, don intanet na iya yanke maka a bakin ƙofa.

A Deira akwai ƙananan shagunan yawon buɗe ido da ke sayar da tikiti da rangwame, wasunsu na gaskiya ne. Amma ka duba abu uku kafin ka miƙa kuɗi. Sunan wurin da ke jiki, don sunayen suna kama da juna ga baƙo. Kwanan wata, ko na rana ɗaya tak ne ko a buɗe yake. Na uku shi ne tarkon da ya fi kama mutane: akwai tikiti mai rahusa na mazauna ƙasar, wanda sai an nuna katin zama a ƙofa. Wani ɗan uwa da ke zaune can yana iya saya maka shi da kyakkyawar niyya, ka je a ce ka kawo kati, ka koma ka sayi sabo. Tikitin da aka turo maka hotonsa ta WhatsApp daga wanda ba shi da shago, bar shi.

Akwai ƙarin kuɗi na tsallake layi: Flash Pass a Warner Bros., Quick Pass a Ferrari World, Fast Track a IMG. Kada ka saye shi tun daga gida. In ka shiga ka ga allunan suna nuna jiran minti goma ko sha biyar, ba ka da buƙatarsa. In suna nuna awa guda, ana sayar da shi a ciki.

Wace rana, kuma ta wace hanya

Tun Janairun 2022 hutun ƙarshen mako a Dubai da Abu Dabi Asabar da Lahadi ne, Juma'a kuma rabin yini. Saboda haka Litinin zuwa Alhamis su ne ranakun baƙo. A kauce wa hutun sallar azumi da ta layya, da 2 ga Disamba ranar ƙasarsu, da makonnin ƙarshen shekara. Lokacin tseren motocin Formula 1 a Yas, wajen ƙarshen Nuwamba ko farkon Disamba, otel-otel ɗin tsibirin suna cika, kuɗinsu ya tashi. A watan azumi lokutan buɗewa suna sauyawa.

Kada ka sa ranar wasan washegarin isowa. Agogonsu yana gaban na Nijar da awa uku, ga kwanan zaune a jirgi. Yaron da ka tasa ƙarfe takwas, a jikinsa ƙarfe biyar na asuba ne. Kada kuma ka sa ta ranar ƙarshe, ranar da kake bin mai kargo da mai canji. Kuma ranar nan, ka ba ta yininta. Wanda ya ce "bari in leƙa Naif in dawo mu tafi" ba ya dawowa kafin azahar, kowa ya san haka.

Wuraren ba sa buɗewa da sassafe, galibi tsakanin goma na safe da sha biyu, kuma na Yas sukan rufe kafin IMG. Ka duba lokacin a daren da za ku tafi. Burinka ka isa minti ashirin ko talatin kafin a buɗe.

Jirgin metro ba ya zuwa IMG. Takisi ce mafita, ko Careem ko Uber, motocin hayar da ake kira ta manhajar salula. Takisi ta yau da kullum mutum huɗu take ɗauka, kuma jariri ma mutum ne a lissafinsu. In kun fi haka ka nemi babba. Masu rufi ruwan hoda mata ne ke tuƙa su, don mata da iyali. Kuɗin ƙofofin hanya da ake kira Salik yana hawa kan mita, kada ka yi gardama da direba a kansa.

Yas ta fi nisa: daga Deira ta haura kilomita 100, awa ɗaya da ɗoriya in hanya ta yi kyau. Akwai bas tsakanin biranen biyu, E100 daga tashar Al Ghubaiba da E101 daga tashar Ibn Battuta, ana biya da katin Nol, katin biyan kuɗin bas da metro na Dubai, yana da arha. Sai dai bas ɗin tsakiyar Abu Dabi yake kai ka, alhali Yas tana kafin gari, kusa da filin jirgi. Ka wuce ta ke nan, sai ka sake ɗaukar takisi ka dawo baya. Ga mutum ɗaya ba laifi, ga mai yara wahala ce. Hukumar tsibirin takan sa motocin kyauta daga wasu wurare a Dubai ga masu tikiti, ka duba shafinsu ka ga ko akwai tasha kusa da kai. In kuna da tikitin wurare biyu, kwana ɗaya a otel a Yas ya fi kai-da-kawowa sau biyu. A cikin tsibirin akwai bas na kyauta, Yas Express.

Abin da za a sa a jiki

Nan ne namu ya bambanta da na sauran baƙi, kuma shafukan wuraren ba za su faɗa maka ba. Babbar riga a bar ta a otel. Hula ma haka, ko a cusa ta a jaka, don jirgin farko zai raba ka da ita. Ƙaramar riga da wando sun isa. Takalmi sau-ciki mai igiya ga kowa. Silifa tana tashi, kuma a wasu lilo ƙafa a sake take lilo a iska.

Mata ba sa buƙatar cire hijabi, ƙasar Musulmi ce, rabin matan da ke layi da abaya suke. Sharaɗin shi ne kada wani abu ya yi reto. Ƙaramin hijabi da aka ɗaure da kyau aka cusa bakinsa cikin riga shi ne daidai. Dogon hijabi mai kaiwa gwiwa, da gyale, da lafaya, ma'aikaci zai ce a tattare ko a hana hawa, don tsumma na iya shiga ƙarfe. Ɗaurin ɗankwali mai tsayi yana hana kai jingina da kujera. Zani yana wahalar da zama a kujerar da ke da tudu tsakanin cinyoyi. Doguwar riga mai faɗi da wando a ciki ta fi. A rage allurai masu tsini a hijabi.

Kowa ya riƙe rigar sanyi mara nauyi. Za ka yi dariya in ka ji haka kana cikin zafin waje, amma bayan awa uku cikin kilim yaro zai fara rawar ɗari kamar asubar hunturu a Tawa. A Warner Bros. akwai kwale-kwalen Flintstones da ke fesa ruwa, jiƙaƙƙen yaro cikin wannan sanyi mura ce. A zo wa ƙanana da rigar canji.

Jaka ɗaya ta baya ta wadatar. A ciki: batirin cajin salula, maganin da wani ke sha kullum, kayan jariri, hoton fasfo. Soket ɗinsu mai baki uku ne irin na Ingila, cajar gida mai baki biyu tana son mahaɗi, ka saya a kowane kanti ka yi caji tun dare.

Daga ƙofa zuwa azahar

Ana binciken jaka. Ba a shiga da abincin waje, ban da na jarirai da na mai larura. Kilishin da aka taho da shi daga Yamai ya jira ku a ɗaki. Ku ci ku ƙoshi kafin ku fito.

Da kun shiga, kafin kowa ya ruga, a yi abu uku. Ka ɗauki taswira ta takarda. Ka ɗauki hoton kowane yaro a kayan da ke jikinsa yau. Ka nuna musu wuri ɗaya fitacce kusa da ƙofa, ka ce duk wanda ya ɓace nan zai zo, ko ya je wurin mai rigar aiki da suna a ƙirji, ba wurin kowa ba. Ƙananan a rubuta musu lambar salularka ta can da sunan otel a takarda a sa a aljihu, ko a hannu da biro. Yaranmu Hausa da Zabarmanci da Faransanci suke ji, ma'aikatan kuma Ingilishi da Larabci. Samun mai Faransanci sa'a ce, sai in ka dace da ɗan Maroko ko Tunisiya ko Kamaru. Takardar ita za ta yi magana. Ku manya kuma ku sani kiran murya ta WhatsApp ba ya tafiya a layukan ƙasar, saƙo ne kawai ke wucewa. A sayi layin du ko Etisalat tun a filin jirgi, aƙalla biyu, ɗaya wurin maigida ɗaya wurin uwargida.

Awar farko ita ce mai albarka. Yawancin mutane suna tsayawa hoto a bakin ƙofa su hau abin da suka fara gani. Ku wuce su, ku nufi lilon da ya fi suna ko wanda ya fi nisa da ƙofa, ku dawo baya-baya. Abin da za a jira minti biyar da safe, da la'asar minti hamsin ne.

Amma kada a fara wa yaron da bai taɓa hawa ba da mafi tsanani. A fara da matsakaici a ga fuskarsa. In ya sauko yana cewa a sake, a ƙara gaba. In ya yi tsit ya riƙe rigarka, a koma masu sauƙi, kuma kada yayye su yi masa dariya ko a ce masa "kai ba namiji ba ne?" Wanda aka tilasta wa hawa ɗaya yakan ƙi sauran duka.

Manya su karanta allon gargaɗi da gaske. Hawan jini, ciwon zuciya, ciwon baya ko wuya, sabon aikin tiyata, juna biyu: waɗannan ba su da hurumi a manyan jirage. Hawan jini ya yi yawa a cikin dattawanmu, da yawa kuma ba sa son a faɗa gaban yara. Alhaji ya zauna ya riƙe jaka, girmansa na nan. Akwai kuma wasannin da ba sa zuwa ko'ina, kujera ce ke motsi gaban babban majigi, wani lokaci da tabarau; su ne suka fi tayar da zuciya ga mai jin jiri a mota. In abin ya taso, rufe ido kawai, yana lafawa.

Salula da makulli da kuɗi ba sa zama a aljihu a manyan jirage. Akwai akwatunan ajiya, wasu na kuɗi, ko a bar wa wanda bai hau ba. In da jariri kuma iyaye duka suna son hawa, ka tambayi ma'aikacin ƙofa. A wurare da yawa ana barin ɗaya ya jira da yaron, in ɗayan ya sauko su yi musanya ba tare da sabon layi ba. Layi kuwa layi ne. Ba a aika yaro ya kama wa mutum shida wuri.

Abinci, salla, da inda kuɗi ke zurarewa

Abincin halal ne, wannan ba abin damuwa ba ne. Tsada ce matsalar: shinkafa da kaza ko burodi da nama da dankali, kuɗin da zai ciyar da mutum biyu ko uku a gidan abincin Deira. Kwanon yana da girma, ƙanana biyu su raba ɗaya. A ci kafin ƙarfe ɗaya ko bayan uku, tsakaninsu ba kujera. Bayan cin abinci a yi awa guda ana kallon wasan dandali ko hoto da su Bugs Bunny kafin a koma abin da ke juya ciki. Ferrari World a haɗe yake da kasuwar Yas Mall, inda abinci ya fi sauƙi. In kuna son fita ku ci ku dawo, ku tambaya a ƙofa tukuna ko tikitinku ya yarda da haka.

Kowane ɗaya daga wuraren nan yana da masallacin maza da na mata da wurin alwala, an sa alamarsu a taswira. A ciki ba a ganin rana, hasken ƙarfe sha ɗaya shi ne na ƙarfe biyar, kiɗa kuma ba ya tsayawa. Azahar da la'asar suna wucewa ba ka sani ba. Ka sa ƙararrawa a salula da lokacin garin, kuma ka haɗa salla da hutun ƙafa da kai yara bayi.

Kusan kowane lilo, ƙofar fitarsa cikin kanti take buɗewa. Da gangan aka yi. Yaro ya sauko zuciyarsa na bugawa, sai ga ɗan tsanan abin da ya gani yanzu a daidai tsawon idonsa. Maganin shi ne yarjejeniya tun a otel: kowa abu ɗaya, kuma sai za a fita. Hoton da na'ura ke ɗauka kuna kan jirgi na sayarwa ne. Ɗaya na iyali duka ya isa. Wasannin jifa a ci kyauta da na'urorin wasan bidiyo ba sa cikin tikiti. Rigunan jaruman nan kuwa, ɗan kasuwa ya san inda ake samun irinsu a Deira.

Wajen ɗaukar hoto a kula. Dokar ƙasar ta hana ɗaukar mutum ba da izininsa ba, balle a ɗora a Facebook ko TikTok, kuma an fi tsanantawa kan mata da yara. Ka saita salula kan naka iyalin. Zagi da nuna yatsa cikin fushi ma laifi ne da ke kai mutum wurin ƴan sanda. In wani ya shiga gabanka a layi, ma'aikaci za ka kira. Lambar ƴan sanda 999, ta motar asibiti 998, kuma kowane wuri yana da ɗakin taimakon gaggawa.

Fita

Awar ƙarshe layuka suna raguwa, masu ƙananan yara sun tafi. In naku manya ne, lokacin maimaita abin da ya fi daɗi ke nan. In ƙanana ne, ku fita minti arba'in kafin a rufe, don da an rufe kowa takisi yake nema lokaci guda, kuɗin Careem da Uber kuma yana tashi. Mai komawa Dubai da motar kyauta ya san lokacin ta ƙarshe tun da safe, ya tsaya a tashar kafin lokacin. Ba ta jira.

Kafin ku bar ginin a kwashe kayan akwatin ajiya, a mayar da keken haya a karɓi kuɗin jingina in an bayar, a kai kowa bayi, don hanyar Yas zuwa Deira da dare doguwa ce ga yaron da ya sha lemo. A cire rigunan sanyi a bakin ƙofa, a ƙirga yara, a ƙirga salula. Katin otel mai adireshi shi za ka miƙa wa direba, don otel-otel na Deira da yawa sunayensu kusan ɗaya ne, kuma faɗin "kusa da Naif" ba ya kai mutum ƙofar ɗakinsa.